Ranar Da Na Riga Fim Ɗinsa Magana

Masu bina a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto cewa idan ban faɗi yadda muke ciki da Injiniya ba za ta daina gaishe ni. 'Yar'uwa, ci gaba da gaishe ni, ga ni na zo. Sai dai ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina har yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, aikina fassara finafinai ne. Muna da wani ɗan situdiyo a saman shagon masu gyaran waya, ɗaki biyu da baranda, a nan muke ɗaukar manyan finafinan ƙasashen waje mu sa musu Hausa. Ni ke rubuta maganganun, ni ke yin muryar mata da ta yara, wani lokaci har da ta mutum-mutumi idan mura ta kama mai yinta. Shi ya sa a gida suke kirana Aku. Tun ina jin haushi har na haƙura.

Aikin yana da dabararsa. Kina tsaye a ɗan ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, abin sauraro a kunne, idonki a kan leɓen jarumar. Idan kika jira sai ta buɗe baki, to kin makara, sai Mai Sauti, mai ɗaukar mana murya, ya buga gilashi ya ce a sake. Dole ki ja numfashi tare da ita, ki fara daidai lokacin da za ta fara. Shekaru ina wannan, har bakina ya koyi riga mutane magana ba tare da ya nemi izinina ba. Finafinan sararin samaniya kuwa su ne suka fi sauƙi, domin yawancinsu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Maraya a wata duniya mai nisa, tsoho mai gemu ya zo ya ce masa shi ake jira, tsohon ya mutu a tsakiyar fim, yarinya ta yi kuka, mugu ya yi dogon jawabi maimakon ya yi harbi, sai a ci nasara saura ƙiris duniya ta tarwatse.

Kada ku ɗauka na tsane su. Wallahi ina son su. Akwai ranar da na tsaya cak a tsakiyar aiki, na manta layina, saboda wata ƙatuwar duniya mai zobe da ta taso daga bayan duwatsu a hankali, har Mai Sauti ya leƙo ya ce ko lafiya. Hawaye ne a idona. Masu yin waɗannan hotuna Allah ya ba su baiwa, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne idan na cire abin sauraro na sauko ƙasa na hau mota, hoton ne kawai ke bina gida. Mutanen ciki ko sunansu ba na tunawa.

To, Injiniya dai ba injiniya ba ne. Zane yake yi a kwamfuta, tallace-tallacen kamfanoni, irin kwalbar lemon da za ku ga tana rawa ko sabulu yana tashi sama. Mama ta kasa yi wa ƙawayenta bayanin wannan sana'a, sai kawai ta naɗa masa Injiniya, sunan kuma ya bi shi. Dogo ne, mai tabarau, rigarsa kullum a goge kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga. A gaban mutane ba ya iya magana, idan Baba ya tambaye shi aiki sai ya yi ta murza yatsu. Amma a waya fa, kai jama'a! Saƙonsa idan ya shigo sai na ajiye abin da nake yi. "Ko duniyoyi dubu ne tsakaninmu, zan nemo hanyar zuwa gare ki." Ko kuma, "Kafin na san ki numfashi kawai nake yi, ba rayuwa ba." Ina karantawa ina murmushi ni kaɗai kamar wata zautacciya.

Mama ta fi ni son sa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙannena biyu duk suna ɗakinsu, ni ce na rage, kuma duk taron da muka je sai an sami mai tambayar Mama ko aljanu ne suka aure ni. Don haka da aka ce iyayensa za su zo ranar Asabar su ga Baba a tsayar da magana, Mama ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Aku, abu ɗaya nake roƙonki. Bakin nan naki ki sa masa kwaɗo har Asabar. Yaron nan mai kunya ne, idan kika kore shi ban san inda zan samo miki wani ba."

"Mama, ni me na taɓa yi?"

"Ba sai kin yi ba. Na dai faɗa miki."

Ranar Lahadin da ta gabaci Asabar ɗin ne Injiniya ya ce zai kawo mana wani abu mu gani. Ashe shekara da shekaru yana haɗa fim ɗinsa na kansa, shi kaɗai a ɗakinsa, bayan ya tashi daga aikin kwalabe da sabulai. Abokansa ne suka yi masa muryoyi. Ni ko labari bai taɓa ba ni ba. Ya ce yana so danginmu su zama na farko da za su gani, kafin ya tura shi gasa.

Na canja kaya har na gaji. A ƙarshe na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, da gyale ruwan hoda, na shafa turaren da nake ɓoyewa a bayan littattafai saboda masu aro. Mama ta sa aka ja kujerun falo gefe, ta ciro farin zanen gado ta ce a rataya a bango, ta kuma kira Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a yin komai a gidanmu ba tare da ita ba. Gwaggo ta iso tun kafin la'asar da carbinta da jakar magungunanta, ta kama kujerar tsakiya.

Injiniya ya shigo da majigi a jaka da wayoyi a hannu, ya durƙusa ya gaida kowa. Ya yi ta sauri wajen haɗa waya, har Baba ya ce, "Yi a hankali, ɗana, ba inda za mu." Aka rufe tagogi, falo ya yi duhu, ya danna.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani gari ne a rataye a ƙarƙashin gajimare, gidajensa kansu a ƙasa, fitilu na ɗiga daga gare su kamar ruwan sama. Ƙarƙashinsa teku ne mai launin kore, rana biyu na faɗuwa a cikinsa, ɗaya ja ɗaya fara. Jirage na ratsa tsakanin gidajen, kana ganin inuwarsu tana bin bango, kana ganin har tsatsar da ke jikin ƙarfensu. Gwaggo ta saki carbi ta ce, "La'ilaha illallahu! Yaro, kai ka gina wannan?" Mama ta dafe ƙirji. Baba ya matso gaba a kujerarsa. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, na juyo na kalli Injiniya a cikin duhun, na ji wani irin alfahari ya cika ni. Wannan mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban Baba, ashe duk wannan yana cikin kansa.

Sai labari ya fara. Ga yaro maraya yana gyaran tsofaffin injina. Ga tsoho mai gemu ya iso da sanda.

Na gane inda aka dosa, amma na ce wa raina, ke dai kalli hoto ki yi shiru. Na kuwa yi shiru, Allah ya sani na yi ƙoƙari. Har aka kai inda aka harbi tsohon, ya faɗi a jikin yaron, majigi ya matso da fuskarsa. Na ga ya ja numfashi. Ni ma ban san na ja ba. Sai kawai na ji muryata a falon, a hankali amma sarai:

"Ƙarfin yana cikinka tun asali, ɗana."

Tsohon da ke jikin zanen gado ya buɗe baki ya ce, "Ƙarfin yana cikinka tun asali, ɗana."

Ko harafi ɗaya bai canja ba.

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Au! Ashe an riga an nuna wa mutuniyar a ɓoye, mu ne 'yan kallon baya!"

Mama ta kai mini mintsini a cinya, irin wanda ke barin shaida. Na ciji leɓe, na sa gefen gyale na toshe baki. Amma Gwaggo ta riga ta sami abin wasa. Da yaron zai shiga jirgi, wata yarinya ta riƙo hannunsa, sai Gwaggo ta zungure ni.

"Aku, me za ta ce?"

Na girgiza kai.

"Ke faɗa mana, ni kunnena ba ya ji sosai, gara na ji daga kusa."

Wa ya isa ya ƙi Gwaggo? Na ce a ciki-ciki, "Ka yi mini alkawari za ka dawo."

Yarinyar ta ce ya yi mata alkawari zai dawo. Gwaggo ta tafa hannu. Da mugun fim ɗin ya tsare yaron a saman hasumiya ma ba ta bar ni ba, ni kuma kamar wadda aka yi wa asiri na ce, "Ni da kai ba mu da wani bambanci," mugun ya maimaita. Har Baba sai da ya yi dariya ya ce lallai Aku ta yi hadda.

A nan ne Injiniya ya yi magana, daga can bayan majigi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ban taɓa nuna mata ba, Baba. Ba wanda ya taɓa gani."

Na so ƙasa ta tsage na shige. Sauran fim ɗin ban san yadda ya ƙare ba, ko da yake, Allah ya yafe mini, na san yadda ya ƙare.

Da aka buɗe tagogi kowa ya yi ta yabo. Gwaggo ta ce a kai shi gidan talabijin, Mama ta ce ita dama ta san yaron nan ba ƙaramin mutum ba ne. Yana ta cewa na gode, na gode, yana naɗe waya a hannunsa a hankali, idan ya gama sai ya warware ya sake naɗewa. Lemon da aka zuba masa ko taɓawa bai yi ba. Na raka shi bakin ƙofa, ya ce, "Sai mun yi magana," bai kalle ni ba.

Kafin ƙarar motarsa ta ɓace Mama ta ja ni kicin.

"Me na ce miki? Me na ce miki, Aku? Kwana shida kawai na roƙa!"

"Mama, wallahi suɓutar baki ce."

"Suɓutar baki sau uku? Yaro ya kwashe shekaru yana wahala, ya ɗauko ya kawo gidanku don ya girmama ki, ke kuma kin zauna kina nuna masa kin fi shi sani. To ke da kika iya, ina naki fim ɗin?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Ba ni da nawa. Maganar wasu nake juyawa tun da na fara aiki.

"Ɗauko wayarki," in ji ta. "Rubuta masa, ki ce fim ɗinsa ya fi duk waɗanda kike fassarawa. Ki ce daɗinsa ne ya sa kika ji kamar kin san shi. Namiji yabo yake so, ba gyara ba."

Baba ya shigo neman ruwa ya tarar da mu. Ya tsaya da kofi a hannu ya ce, "Ni dai ban ga laifin labarin ba. Kakarmu labari ɗaya take ba mu kullum, mun san farkonsa mun san ƙarshensa, kuma gobe mu dawo mu ce a sake."

Na ce, "Baba, to me ke dawo da ku?"

"Ita ce, ina ji. Idan ta zo inda ake kuka, kukan gaske take yi. Wani lokaci ta manta da labarin ta shiga ba mu na ƙanenta da ya ɓata." Ya kurɓi ruwa ya fita, ya bar Mama tana hararar bayansa.

Na shiga ɗaki na rubuta abin da Mama ta ce, na karanta, na goge. Na rubuta nawa, mai tsawo, na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Ka isa gida lafiya?" Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba. Washegari ma shiru. Mutumin da kullum na farka sai na tarar da saƙonsa, yanzu in ɗauki waya in ga ba komai sai tallan kamfanin layi. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. A lokacin ne na gane ba Mama kaɗai ke tsoron ya tafi ba.

Ranar Laraba da rana ina cikin ɗakin soso ina yi wa wata sarauniyar taurari murya, sai Mai Sauti ya buga gilashi ya nuna mini waje. Na fito na sami Injiniya a baranda, ya jingina da ƙarfe yana kallon titi. Rigarsa ba guga. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Bayan mun gaisa ya ce, "Ina so ki faɗa mini gaskiya. Ba irin wadda ake faɗa don a faranta wa mutum ba. Ta yaya kika sani?"

Ga maganar Mama a shirye a bakina, na ma haddace ta. Da na faɗa da ya yi murmushi, da Asabar ta zo lafiya. Na kalli idonsa ta cikin tabarau, sun yi ja, na ga mutumin da ya riga ya san amsa, yana so ne kawai ya ga ko zan yi masa ƙarya.

Na ce, "Na sani ne saboda na faɗe su da bakina sau ba adadi. A cikin ɗakin can. Tsohon nan na sha binne shi. Yarinyar nan ni ce muryarta a finafinai da yawa, kuma kullum alkawari ɗaya take nema."

Ya gyaɗa kai. "Amma ai su ma manyan haka suke yi. Labari ɗaya ne, kuma duniya na cika gidajen kallo. Mutane gani suke zuwa yi. Kin ga yadda Gwaggo ta saki carbi?"

"Na gani. Ni ma na kusa sakin nawa numfashin. Garin nan da ka rataye a gajimare, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba, kuma aikina kallo ne. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Ka gina gari wanda babu shi a ko'ina, sannan ka je ka aro mutanen wasu ka zuba a ciki."

A ƙasa wani mai gyaran waya yana gwada lasifika, kiɗa na tashi yana yankewa.

"To duka banza ne kenan."

"A'a. Akwai wuri ɗaya da ban san abin da zai faru ba." Na matso kusa kaɗan. "Kafin yaron ya tafi, matar da ta raine shi ta kama hannun rigarsa ta sararin samaniya, ta ga ɗinkin ya ɓare. Ta ɗauko allura da zare, na gida, irin namu. Jirgi na jira, ana ta ihu ya zo, ita kuwa tana ɗinki. Ba ta ce tana son sa ba, ba ta ce ya dawo ba. Ta gama ta sa haƙori ta yanke zaren, ta ce masa, 'Kuma ka bar fitilar ɗakinka a kunne, kullum sai na faɗa.' A nan bakina ya mutu. Tun Lahadi ita nake tunawa, ba jiragen ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan cikon gurbi ne," ya ce. "Hoton babban jirgin bai gama haɗuwa ba, sai na sa shi don kada wurin ya zauna fanko. Cirewa zan yi kafin na tura." Ya mayar da tabarau. "Innata ce. Ranar da zan tafi makarantar kwana, a tasha. Direba na ta zagi. Ban sake ganinta a tsaye ba."

Na ɗauka an wuce wurin mai wuya. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Mama cewa gaskiyar ma ta yi aiki. Sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Saura tambaya ɗaya. Saƙonnin da nake turo miki." Ya nuna wayarsa. "Su ma kin taɓa jin su?"

Wannan ce tambayar da ni kaina na daɗe ina ƙin yi wa kaina. Na duniyoyi dubu, wani matuƙin jirgi ne ya faɗa wa matarsa, ni na juya shi zuwa Hausa da hannuna. Na numfashi da rayuwa ma na san inda yake. Tun saƙon farko na gane, na kuma rufe ido na ci gaba da murmushi, saboda daɗi suke mini, saboda ba wanda ya taɓa ɗaukar lokaci ya aro mini ko da maganar wani.

Na ce, "E. Na taɓa ji."

"Duka?"

"Kusan duka."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kina karantawa kina cewa ga wawa."

"Wallahi ban taɓa ba. Ina karantawa ina cewa ga mutumin da yake so ya faɗi wani abu."

"To me ya sa kika amince da ni, tunda kin san na aro ne?"

"Saboda idan kana gabana ba ka aro komai. Shiru kake yi, ka gyara mini kujera, ka lura takalmina ya matse ni tun kafin na faɗa. Wannan mutumin na amince wa."

Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa. Da ya fara magana, a rarrabe take fitowa, yana tsayawa yana nemo kalma.

"Ni tun ina yaro ban iya magana ba. Idan na buɗe baki sai a yi dariya. A fim na koyi yadda mutane ke yi. Yadda ake ta'aziyya, yadda ake fushi, yadda ake cewa ana son mutum. Har na daina bambance wanne ne nawa. Kwana uku ina riƙe da waya ina so na amsa miki, duk abin da na rubuta sai na ji muryar wani. Na cire na aron, na duba, ban ga abin da ya rage ba." Ya numfasa. "Abin ya ba ni tsoro. Ba na so na kawo iyayena su nema mini aure da bakin da ba nawa ba."

"Me kake nufi?"

"Na gaya wa Kawu su dakata. Ba ranar Asabar ba."

Na riƙe ƙarfe.

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Ba fasawa na yi ba, ki yarda da ni. Fim ɗin ma ba zan tura ba bana. Ina so na zauna na ga ko akwai wani abu nawa, bayan matar nan mai allura. Idan na samu zan zo na faɗa miki, ko da bai yi daɗi ba." Ya ɗan tsaya. "Idan ba za ki iya jira ba, ba zan ga laifinki ba."

Ya sauka matakala a hankali. Na so na kira shi na ce wasa nake, fim ɗin ya yi, saƙonnin sun yi, a bar Asabar a inda take. Na buɗe baki ma. Ban kira ba. Na koma ɗakin soso na ƙarasa sarauniyar taurari, Mai Sauti ya ce bai taɓa jin na yi kuka mai kyau irin na yau ba.

A mota ina ta auna abin. Wata zuciyar ta ce ke kika jawo, da kin bar mutum da garinsa mai kyau da maganganunsa masu daɗi, mutane nawa ne suke zaman aure da abin da bai kai haka ba? Wata kuma ta ce yau ne karo na farko da ya yi miki magana mai tsawo ido da ido, kuma duk nasa ne, ko da abin da ya faɗa ɗin tafiya ce. Har na sauka ban raba musu gardama ba. Ku da kuke karantawa wataƙila kun fi ni gani, don ni idona ya rufe.

Na tura ƙofar gida na ji ƙamshin sabon fenti. Mama na tsaye a kan kujera a gaban kabad, ta ɗaure zani a ƙirji, tana sauko da kwanukan baƙi masu bakin zinariya, waɗanda tun da aka haife ni ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Gwaggo na ƙasa tana karɓa tana gogewa, suna gardamar wanda za a sa wa surukai. Fuskar Mama sai walƙiya take, rabon da na gan ta haka har na manta.

Ta juyo ta gan ni, faranti a hannunta.

"Yauwa, Aku. Kun yi magana? Kin gyara abin da kika ɓata?"

Na ajiye jakata a ƙasa. Na je na riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu.

"Mama, miƙa wa Gwaggo farantin. Sauko tukuna."